Gram, ZN da Giemsa: yadda ake yinsu a benci, da gwaje-gwajen da mutane ke yawan kuskure a kansu

Duk shekara idan ɗalibai suka zo mana IT a lab abu ɗaya nake gani, yaro ya haddace matakan Gram tsaf, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka, amma ka miƙa masa silaid da kwalbar asiton sai kaga hannu ya fara rawa. Toh ƙannena maza da mata, naku ne wannan. Zan faɗa muku yadda muke yi a benci ne, da wuraren da aiki ke lalacewa, don ni dai abinda yafi damuna shine takardar da zaka sa wa hannu, da ita likita zai rubuta magani, mara lafiya kuma bai san me ya faru a ɗakinmu ba, ya dai yarda damu ne kawai.

Kafin komai, rubuta lamba a jikin silaid. Da fensir zaka rubuta a gefen nan mai hazo, ba da biro ko maka ba, don giya, wato alkohol ɗin lab, da asid zasu wanke tawadar tas ka dawo kana riƙe da gilasai biyar baka san na waye da waye ba. Ka sa safar hannu, ka sa farar rigarka, kuma dan Allah a bar cin gyaɗa a benci.

Rinin Gram

Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, shi ya fito da shi a 1884 yana aiki a Balin ta Jamus, kuma har yau babu lab ɗin da zaka shiga baka samu kwalaben nan huɗu a jere ba. Hikimar mai sauƙi ce. Wasu bakteriya bangon jikinsu kauri gareshi, idan rini ya shiga ya zauna baya fita, wasu kuma bangon siriri ne da kitse-kitse a waje, da giya ta taɓa su sai rinin ya zube. Kamar dai yadin da ya sha baba a marina da wanda aka ɗan tsoma aka cire, wanki ɗaya zai raba su.

Simiya, wato shafa samfuri siriri a kan silaid, ita ce rabin aikin. Idan daga farantin da aka raino bakteriya a kai zaka ɗauka, ɗiga digo ɗaya na ruwan gishirin lab a kan silaid, ka ƙona lup, 'yar wayar ɗibar nan, har yayi ja, ka barshi ya huce, ka ɗan taɓa kan koloni ɗaya, wato ɗan tulin bakteriyar da ya tsiro, taɓawa nace ba kwasa ba, ka dama ka baza shi siriri. Idan yayi kauri kamar kunu to ka riga ka ɓata, asiton bazai ratsa tsakiya ba, komai zai fito maka fozitif. Barshi ya bushe da kansa a iska. Bayan nan ka wuce da shi ta kan wutar sifirit sau uku da sauri, fuskar simiyar na sama, sai ka ɗora bayan gilashin a bayan hannunka, ɗumi ya kamata kaji, idan ya ƙona ka to ƙwayoyin ma ka dafa su, siffarsu ta canza.

Sai ka ɗora a rak. Kiristal bayolet ya rufe simiyar, minti ɗaya, ka ɗauraye da ruwa a hankali. Aidin minti ɗaya, shine ke ɗaure rinin a cikin bango, ka ɗauraye. Yanzu ga inda ake faɗuwa: cire launi. Karkata silaid ɗin ka zuba asiton, daƙiƙa biyu zuwa biyar kawai, ruwa na kusa da hannunka, nan take ka wanke. Idan giya ce mai kashi 95 kuke amfani da ita ta fi sanyin hali, zata iya kai daƙiƙa 10 zuwa 30, kana kallo har launin ya daina zuba. Daga nan safranin kamar minti ɗaya, wasu lab ɗin niyutral red suke sawa su bashi minti biyu, ka ɗauraye, ka goge bayan gilashin, ka jingine ya bushe, digon mai, sai lens na 100 na madubi, wato maikroskop.

Gram fozitif zai fito shunayya mai duhu, wanda muke cewa fafal, negatif kuma ja-ja ko ruwan hoda. Staphylococcus zaka gansu a dunƙule kamar nonon inabi, Streptococcus a jere kamar carbi, E. coli kuma 'yan sanduna ne ja. Amma ga wani abu da ba kowa ke koya muku ba, idan samfurin ruwan miki ne ko mugunya, ka fara duba ƙwayoyin mugunyar kansu tukun. Su dole ja zasu fito. Ka gansu fafal? Baka cire launi sosai ba, sake wani. Haka kuma koloni da ya kwana biyu a faranti ya tsufa, fozitif ma sai ya riƙa fitowa ja, shiyasa ake son na awa 18 zuwa 24. Kuma duk randa aka buɗe sabuwar kwalba ko aka haɗa sabon rini, a gwada shi da sanannen S. aureus da sanannen E. coli kafin a taɓa samfurin mutum.

Bari in nuna muku dalilin da yasa nake zafi a kan daƙiƙoƙin nan. Lokacin zafi, wajen Maris zuwa Afrilu da sanƙarau ke tashi a yankinmu, an taɓa kawo mana ruwan ƙashin baya na wani yaro da yamma, ɗan kaɗan a kwalba, yayi gurɓi-gurɓi kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Uwar na zaune a dandamalin ƙofa ta rafka tagumi da takalmin yaron a hannunta. Ɗalibar da ke tare dani tayi simiya ta farko, ta bar asiton ya daɗe don tsoro, komai ya fito ja. Muka sake, muka sa kwantrol, wato sanannen samfurin da muka san yadda zai fito, a gefe, sai ga su nan biyu-biyu masu ɗan tsini, fafal. Kaga da mun tafi da ta farko da mun rubuta Gram negatif, hankalin likita ya tafi kan Neisseria meningitidis, alhali abinda ke gabanmu yafi kama da Streptococcus pneumoniae. Shi Neisseria ja yake fitowa, biyu-biyu kamar ƙwayar wake suna fuskantar juna, sau da yawa a cikin ƙwayar mugunya. Kuma ruwan ƙashin baya ba a sa shi a firji, sanyi na kashe Neisseria, ba a kuma ajiye shi sai an gama hira, da an kawo ake yi, a kira likita a gaya masa da baki kafin takarda ta isa.

ZN (Ziehl-Neelsen) na tarin fuka

Ita ƙwayar tibi Gram baya kama ta da kyau saboda jikinta kamar an shafe shi da kakin zuma ne. Robert Koch ne ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris 1882, shiyasa ake ranar tibi ta duniya a wannan rana, sannan Ziehl da Neelsen suka gyara hanyar rinin da ake kira da sunansu. Dabarar itace a tura jan rini da zafi ya ratsa kakin, idan ya shiga kuwa ko asid baya fitar da shi.

Aikin tun daga wajen mara lafiya yake farawa. Ka yi masa bayani da Hausa sarai, kaki ake so daga ƙirji ba yawu ba, ya kuskure baki, ya fita waje inda iska ke kaɗawa nesa da mutane, ya ja dogon numfashi sau biyu ko uku sannan yayi tari mai ƙarfi ya tofa a robar. Kar a tura shi banɗaki ko lungu. Idan ya dawo maka da yawu fari mai kumfa, ka lallaɓa shi ya sake, baba ko inna ba laifinsu bane, bayanin ne bai isa ba.

Sabon silaid ake amfani da shi ko da yaushe, don tsohon da ya karce yana riƙe jan rini a cikin karcen ka ɗauka ƙwaya ce. Da ɗan tsinke zaka zaɓo wajen da yafi kauri, mai rawaya-rawaya, ka murza shi a tsakiyar gilashin kamar santimita 2 da 3. Ya bushe a iska, ba a rana ba, ba a kan wuta ba, ka kafe shi da wuta sau uku. A rak kar silaid ya taɓa ɗan uwansa. Tace kabol fuksin ka zuba ya rufe gilashin duka, ka kunna auduga da sifirit ka riƙa wucewa ta ƙasa har kaga tururi ya fara tashi, shikenan ka janye, kar ya tafasa kar kuma ya bushe, idan yana neman bushewa ƙara rini. Bashi aƙalla minti 5. Ɗauraye, ka zuba asid, ko giya mai asid kashi 3 ko salfurik kashi 25, wajen minti 3, har simiyar ta koma fari-fari da ɗan alamar hoda, idan har yanzu ja ce sosai ka maimaita. Ɗauraye, metilin bulu minti ɗaya, ɗauraye, jingine. Ba a danna masa takarda don ya bushe da wuri.

A madubi zaka ga fili shuɗi, ƙwayoyin kuma siraran jajayen sanduna, wasu sun ɗan lanƙwasa, wasu kamar an ɗiɗɗiga su. Sai ka duba fili 100, wato da'irar da kake gani a madubi sau 100 a wurare daban-daban, kafin ka ce babu, kuma fili 100 ɗin nan da gaske, yana cin minti biyar ko fiye. Idan ka samu 1 zuwa 9 a fili 100 adadin zaka rubuta, 10 zuwa 99 a fili 100 shine 1+, 1 zuwa 10 a kowane fili 2+, sama da 10 a kowane fili 3+. Bakin kwalbar mai kar ya taɓa simiya, kuma duk silaid da ya fito fozitif ka goge lens kafin ka ɗora na gaba, in ba haka ba zaka kwashi ƙwayar wani ka ɗora wa mai lafiya wata shida na magani.

Ka sani ZN sai ƙwaya ta kai dubbai a kowane mililita na kaki kafin ya gani, wajen 5,000 zuwa 10,000, don haka negatif baya nufin babu tibi, musamman yara da masu HIV. Shiyasa tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert a ƙarshen 2010 aka koma fara gwaji da shi inda akwai na'urar, cikin kamar awa biyu zai faɗa maka akwai tibi ko babu, ya kuma faɗa ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Amma bin diddigin wanda ke kan magani har yanzu da madubi ake yi, don na'urar tana ganin har matattun ƙwayoyi, saboda haka kar kace ZN ya tsufa.

Giemsa da maleriya

Wannan kam shi zakafi yi, musamman da damina daga Yuli zuwa Oktoba layi har waje. Goge yatsan tsakiya ko na zobe da sifirit, ka bari ya bushe, ka huda ta gefe, ka share digon farko. Jariri kuma a dunduniya ko babban yatsan ƙafa. Ƙaramin digo ɗaya na siririn fim, wato shimfiɗar jini a kan silaid, sai ƙananan digo biyu ko uku na mai kauri. Siririn zaka ɗora gefen wani silaid mai santsi a gaban digon, ka ja baya har ya taɓa jinin ya bazu, ka tura gaba tafiya ɗaya ba tsayawa, ya ƙare da jela kamar harshe. Mai kaurin kuma ka haɗa digon da kusurwar gilashi yayi da'ira kamar santimita ɗaya, gwajinsa shine ka ɗora a kan rubutun jarida, idan kana iya ganin haruffa dishi-dishi ta cikinsa yayi daidai.

A shimfiɗe ake barinsa ya bushe, kuma a rufe shi, don ƙuda na shanye jinin tas, na sha ganin fim ya koma ramuka-ramuka, da hunturu kuma ƙura ce ke sauka ta zama ɗige-ɗige a madubi. Siririn kaɗai ake tsomawa a metanol na 'yan daƙiƙoƙi. Mai kaurin ko tururin metanol kar ya same shi, don so ake jajayen ƙwayoyin jini su fashe a cikin rini a ga abinda ke ciki, idan ya kafu bazasu fashe ba, sai kaga duhu kawai.

Ana haɗa Giemsa ne da ruwan bafa, wato ruwan da ke riƙe pH daidai, mai pH 7.2. Na sauri kashi 10 ne, wato mil 1 na rini a mil 9 na bafa, minti 10 zuwa 15. Na a hankali kashi 3, minti 45 zuwa 60, ya fi kyau idan silaid na da yawa kuma ba gaggawa. Wanda aka haɗa da safe ba a kai shi yamma, haɗa daidai buƙata, kuma ko digon ruwa kar ya shiga uwar kwalbar. Ruwan famfo ko na leda da ake ɗauka a haɗa da shi shine ke sa fim ya fito ja sosai ko shuɗi sosai. Wajen wankewa kar ka fara zubar da rinin, ka kwarara ruwa a hankali ya ture shi, in ba haka ba wannan kumfar mai sheƙi ta saman zata kwanta a kan fim.

Abinda kake nema abu biyu ne tare, jan ɗigo da shuɗin jiki, kamar zobe mai dutse. Ɗigo kaɗai ba shuɗi ba ƙwaya bace, yawanci filetilet ne, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ko dattin rini. Plasmodium falciparum shi yafi yawa a wajenmu, gametosait ɗinsa, wato siffarsa da sauro ke ɗauka, kamar ayaba yake ba ya ɓoyuwa. Kafin kace ba a gani ba ka duba aƙalla fili 100 na mai kauri. Idan akwai, ƙirga su tare da fararen ƙwayoyin jini har fararen su kai 200, idan ƙwayoyin maleriyar basu kai 100 ba ka ci gaba zuwa 500. Sai ka ninka adadin da 8,000 ka raba da fararen da ka ƙirga. Misali 150 a cikin 200, zai baka 6,000 a kowane maikrolita. Wannan ya fi rubuta + ko ++ amfani nesa ba kusa ba, don da shi likita zai gane gobe ko magani na aiki. Kuma wallahi al'adar nan ta rubuta wa kowa + don kar ace lab bata ga komai ba, ita ce ke sa a yi ta ɗura wa mutum maganin maleriya alhali ciwon huhu ko na fitsari ke cinsa.

A taƙaice ga wasu gwaje-gwaje biyu kuma: makero da sauran ciwon fata na fungus, kankaro gefen tabon ka ɗiga KOH, ruwan sinadarin fotasiyam haidroksaid, kashi 10, ka rufe ka jira ya narkar da fatar sai zaruruwan su bayyana. Tawadar Indiya kuma a ruwan ƙashin bayan mai HIV, Cryptococcus zai fito da farin zagaye a cikin baƙin fili.

Gwajin kaset, rukunin jini, Widal da ELISA

Duk waɗannan abu ɗaya suka dogara a kai, antijen, wato alamar da ke jikin ƙwaya, da antibodi, wanda jiki ke yi don kama ta, kowanne da abokinsa kamar kwaɗo da makulli. A RDT, wato kaset ɗin gwajin gaggawa, na maleriya jini ɗan kaɗan ne, kamar maikrolita 5, da ɗan abin ɗibar da ke cikin kwalin, a ramin jini, bafa a nasa ramin adadin digon da takardar kwalin ta faɗa, ka duba agogo, yawanci minti 15 zuwa 20. Layin C, na kwantrol, bai fito ba? Gwajin ya lalace ko da layin T, na gwajin, ya fito, ɗauko wani. Layin T ko yaya ya dusashe in dai cikin lokaci ne fozitif ne, wanda ya fito bayan awa guda kuma ba a karanta shi. Bafar wani kamfani bata aiki a kaset ɗin wani, ruwa kuma ba bafa bane. Kwalin ma a nema masa wuri mai sanyi, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40, sito mai rufin kwano zai kashe shi tun kwanan watansa bai ƙare ba. Sannan mafi yawansu furotin HRP2 na ƙwayar falciparum suke nema, shi kuwa yana iya zama a jini makonni bayan an warke, don haka wanda ya gama magani satin da ya wuce madubi za a yi masa.

HIV ba a yanke hukunci da kaset ɗaya. Tsarin da muka saba da shi a baya a Najeriya shine Determine a fara, idan ya nuna a tabbatar da Uni-Gold, idan suka saɓa a kawo Stat-Pak, kuma ka bi tsarin da ke manne a bangon lab ɗinku don ana sabunta shi. Sakamakon kuma sirri ne, ko mijinta ne ya tsaya a taga ba kai zaka faɗa masa ba.

Rukunin jini, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901, a farin tayil ake yi: anti-A shuɗi, anti-B rawaya, anti-D fari kamar ruwa. Digo-digo, kowanne da tsinkensa na damawa, ka jujjuya tayil ɗin kamar minti biyu, inda yayi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke nan ne ya kama. Idan ka bari ya fara bushewa gefen zai yi kama da gudaji ya ruɗe ka. Kuma sanin rukuni baya ɗauke kurosmacin, wato gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa, kafin ƙarin jini.

Widal kuwa shine ciwon kaina. Tun 1896 Bafaranshen nan Widal ya kawo shi, antibodi yake aunawa ba ƙwayar taifot ba, mu kuma da muka taso muna cuɗanya da dangin Salmonella a ruwa da abinci da yawanmu muna da antibodin nan a jini lafiyarmu ƙalau, maleriya ma tana iya ɗaga shi. Gwaji ɗaya a tayil da aka rubuta 1/160 baya tabbatar da taifot. Yadda ya kamata shine a ɗebi jini sau biyu da tazarar kwana 10 zuwa 14 a ga ko ya ninka sau huɗu, wanda yafi kuma shine kalcar jini, wato raino ƙwayar daga jini, a satin farko na zazzaɓi kafin a fara shan antibayotik. Idan dole ka yi shi, to ka sa kwantrol na fozitif da negatif, ka karanta cikin minti ɗaya, ka rubuta sakamakon antijen O daban na H daban, kar kuma ka rubuta kalmar taifot a takardar.

ELISA, gwajin da ake yi a faranti mai ramuka ana karanta launi, zaka same shi a manyan asibitoci da wajen tantance jinin gudummawa, inda ake duba HIV, ciwon hanta B da C, da tunjere. Fito da kit ɗin daga firji ya huce ya kai zafin ɗaki tukun. Kowane samfuri da sabon bakin fifet, kwantrol a ramukansu, a rufe faranti a sa a inkubeta daidai lokacin da takarda ta ce. Wanki shine ransa, idan ance sau biyar to sau biyar, ka kife farantin a kan takarda mai tsotsa ka bubbuga ragowar ruwan ya fita, don ɗan abinda ya rage shi zai ba da launi a ramin da babu komai. TMB, ruwan da ke fitar da launi, baya son haske, zai koma shuɗi inda aka kama, ka zuba ruwan tsayarwa ya juye rawaya, a karanta a na'ura a nanomita 450 cikin lokacin da aka ƙayyade. Fara duba kwantrol kafin ka kalli na marasa lafiya, idan basu faɗa inda takardar kit ta ce ba farantin gaba ɗaya ya tashi, sai a sake. Wanda ya faɗo dab da layin yanka kuma a maimaita shi sau biyu, idan har yanzu yana nan a nemi sabon jini bayan sati biyu.